Yadda Ake Gane Wanda Ya Ƙera Tsohon Kayan Aikin Hannu da Zamanin da Aka Yi Shi

Da idon kawuna ya yi rauni ya ajiye aikin kafinta, sai ya kira ni ya buɗe mini akwatin katakon da ya girme ni da shekaru. A ciki akwai filen guda biyu na fere katako, da zarto biyu, da cizal kusan goma naɗe cikin tsumma mai maiƙo, da 'yan sifanu da tsatsa ta rufe. Ya ɗauko babban filen ɗin ya shafa bayansa ya ce, "Ɗan nan, wannan daga hannun maigidana na karɓe shi, shi kuma ban taɓa tambayarsa inda ya samo ba." Tun daga ranar na shiga neman sanin waɗanda suka ƙera kayan nan da lokacin da aka yi su, kuma abin da na koya a hanya shi zan shimfiɗa a nan.

Irin waɗannan kaya ba su da wuyar samu a wajenmu. Zamanin Turawa kantuna irin su John Holt da UAC da G.B. Ollivant sun shigo da kayan ƙarfe na Ingila, a ɓangaren Nijar kuma CFAO da SCOA suka kawo na Faransa. Ma'aikatar jirgin ƙasa da ta ayyuka da soja duk sun yi aiki da su. Yau ga su a akwatunan tsofaffin kafintoci da makanikai, da rumfunan 'yan gwanjo, da tulin ƙarafan 'yan gwangwan, inda ake sayar da su da nauyi.

Mataki na farko: ka dakata da gogewa

Wannan na sa shi a gaba domin ni ya taɓa cina. Zarton farko da na ɗauko daga akwatin kawu, na kai shi wajen mai injin wasa na ce ya cire mini tsatsar. Ya dawo yana walƙiya, amma rubutun kamfanin da ke tsakiyar ruwan zarton ya tafi tare da tsatsar, sai ɗan saura kamar inuwa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin abin da ya tafi ba ya dawowa.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, ɗauki hotonsa ta kowane gefe yadda ka same shi. Sannan ka tanadi kananzir, da tsumma, da tsohon buroshin haƙori, da soson ƙarfe mafi laushi, da alli, da fensir da farar takarda, da tocila. Shafa kananzir ka bar shi ya jiƙa kamar rabin awa, ka goge da tsumma, ka bi lunguna da buroshi. Sau da yawa abin da ya rufe rubutun ba tsatsa ba ce, daskararren mai ne da ƙura, kuma wannan kaɗai ya isa ya fito da shi.

In zarto ne, kwantar da shi a kan katako mai santsi, ka kankare tsatsar sama da reza a kwance, sannan ka naɗa samfefa mai laushi, lamba 400 ko 600, a jikin ɗan guntun katako mai faɗi, ka riƙa bi a tsawon zarton da ɗan mai. Katakon shi ne sirrin. Yana sa samfefar ta taɓa saman ƙarfen kawai, ba ta shiga cikin ramin rubutun ba. In ka yi da yatsa tsirara, rubutun zai tafi. Da ka fara ganin haruffa, tsaya. Ruwan batir da duk wani ruwa mai cin ƙarfe, kada su kusanci kayan.

Mataki na biyu: nemo rubutun inda yake

Kowane irin kaya da inda ake buga masa hatimi. Cizal, a wuyansa kusa da ƙota. Magagari, a ɗan santsin da ke tsakanin haƙora da wutsiyar da ke shiga mariƙi. Guduma da gatari da adda, a kumatu ko kusa da ƙota. Sifana, a tsakiyar jiki, gaba da baya. Filen na katako, a goshinsa na gaba, inda ƙarshen icen yake. Filen na ƙarfe yana da rubutu a wurare da dama, zan zo kansa. Zarto kuwa wuri biyu ne: tsakiyar ruwansa, da kan babban notin tagulla mai kama da kwabo da ke jikin mariƙi.

Kada ka duba da tsakar rana a fili, haske mai yawa yana ɓoye rubutun da ya lashe. Shiga ɗaki ka kunna tocila, ka haska ta gefe, kusan a kwance da ƙarfen, kana juya kayan a hankali. Inuwa za ta faɗa cikin kowane ɗan rami, haruffan su tashi. In bai fito sosai ba, goga alli ka share saman da tafin hannu, farin zai zauna a cikin haruffan. Ko ka ɗora takarda ka riƙa shafa gefen bakin fensir a kai. Duk abin da ka gani rubuta shi daidai yadda yake, har da ɗigo da waƙafi, ka bar gurbi a inda harafi ya ɓace. Kada ka cike da zato.

Mataki na uku: rarrabe sunayen da ka gani

A nan mutane da yawa ke ɓata. Ba kowane suna da ke jikin kaya ne na maƙerinsa ba. Za ka iya samun suna huɗu a kan abu ɗaya: na kamfanin da ya ƙera, na kantin da ya sayar, na gari, da na mai shi.

SHEFFIELD gari ne a Ingila, ba kamfani ba. Ɗaruruwan masana'antu sun yi aiki a cikinsa, saboda haka ganin sunan ya gaya maka inda kayan ya fito ne kawai. Haka BIRMINGHAM, haka REMSCHEID da SOLINGEN a Jamus, haka ESKILSTUNA a Suwidin. CAST STEEL da WARRANTED suna magana ne a kan irin ƙarfen da ingancinsa. WARRANTED SUPERIOR da ake gani a notin zarto shi ma ba sunan kowa ba ne, noti ne na gama-gari da kamfanoni da yawa suka yi amfani da shi. Wasu manyan dillalai kuma, kamar Buck & Hickman na Landan, sukan sa a buga sunansu a kayan da wasu suka ƙera musu.

Sunan mai kaya yana da sauƙin ganewa. Yawanci a jikin katako yake, a karkace, wani lokaci an buga shi sau biyu ko uku, ko wani ya buga nasa a kan na wani. Hatimin kamfani kuwa a daidaice yake, zurfinsa ɗaya, a wurin da ya dace. A wajenmu za ka ga an ƙona haruffa biyu da jan ƙarfe a ƙota, ko an yi tsaga uku da zarto, ko an ɗiga fenti. Wannan ma kada ka goge shi, tarihin kayan ne.

Mataki na huɗu: karanta tambarin

Kamfanonin da sun san kayansu za su je hannun mutanen da ba sa karanta Turanci, shi ya sa suka dogara da hoto. Manominmu da ke cewa a ba shi adda mai kada yana bin wannan tsarin ne: kada tambarin Ralph Martindale ne na Birmingham a kan adda, kuma Chillington na Wolverhampton ya yi amfani da kada a kan fartanyoyinsa. Sau da yawa haruffa sun lashe amma hoton na nan.

A kan cizal da wuƙar filen, ɗan ganye mai kunnuwa uku na William Marples ne na Sheffield, wani lokaci tare da kalmar HIBERNIA, sunan masana'antarsu. Dabbar Ostareliya mai tsalle da jaka a ciki ta Robert Sorby ce. Uwar maƙera da guduma biyu a gicciye a samanta, da haruffan W da P, na Ward & Payne ne. Giwa a kan zarto ta W. Tyzack, Sons & Turner ce. Sawun ƙafar mutum a kan sifanar famfo na Footprint ne, kan kare mai faɗin fuska na King Dick. Kifi da ƙugiya na Sandvik ne na Suwidin, babban kifin teku mai haƙora kuma na E.A. Berg.

Akwai guda biyu da nake son a lura da su. Na farko wata da tauraro. Wani dattijo a kasuwa ya taɓa rantse mini cewa cizal ɗinsa daga ƙasar Turkiyya ya fito saboda wannan alama, kuma ban ga laifinsa ba, kowa ya gani abin da zai zo masa ke nan. Amma wata da tauraro tambarin Alexander Mathieson & Son ne na birnin Glasgow, masu masana'antar Saracen Tool Works, waɗanda suka daina aiki a shekarun 1960. Na biyu zaki a tsaye kan kibiya. Mu mun san Fijo a mota, musamman tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, amma iyalin Peugeot sun fara da sarrafa ƙarfe tun 1810, kuma a kan zarto zakin ya fara bayyana, aka yi masa rajista a 1858. In ka ga PEUGEOT FRÈRES da zaki a kan zarto ko cizal, musamman a ɓangaren Maraɗi da Damagaram, gida ɗaya ne da motar.

Mataki na biyar: shekarun da ke rubuce, da abin da suke nufi

Ganin shekara a jikin kaya yana sa mutum murna, amma a bi a hankali. Spear & Jackson suna yawan rubuta 1760, wannan shekarar kafuwar gidan ce, za ka same ta har a zarton da aka yi jiya. Ranar da ta biyo bayan PAT ko PAT'D kuwa ranar da hukuma ta yi wa ƙirƙirar rajista ce. Abin da take gaya maka shi ne ba a yi kayan kafin wannan rana ba. A Amurka a da irin wannan rajista tana ɗaukar shekara 17, kuma kamfanoni sukan ci gaba da buga ranar tsawon lokacin, wani sa'in har bayansa.

In lamba ce ba rana ba, ita ma tana magana. Rajistar ƙirƙira ta Amurka ta kai miliyan ɗaya a 1911, miliyan biyu a 1935, miliyan uku a 1961. A kayan Ingila, Rd ko Rd No da lamba a gaba rajistar fasali ce, an fara ta daga lamba 1 a 1884, ta kai wajen 350,000 a 1900, wajen 750,000 a 1930.

Sunan ƙasa ma shaida ne, domin ƙasashe sun canza suna. W. GERMANY ko WEST GERMANY yana tsakanin 1949 da 1990, haka GDR ko DDR na Jamus ta Gabas. OCCUPIED JAPAN na 'yan shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, bai wuce 1952 ba. USSR bai wuce 1991 ba, CZECHOSLOVAKIA yana tsakanin 1918 da 1992. Haka kamfanoni in sun haɗe: rula mai RABONE CHESTERMAN ba ta girmi 1963 ba, domin a shekarar ne John Rabone da Chesterman suka zama abu ɗaya, RECORD RIDGWAY kuma daga 1972 ne.

Wuri ɗaya ne nake yarda da shekarar da na gani kai tsaye. Akwai wata alama mai layi uku da suka haɗu a sama, kamar sawun kaza. Wannan alamar kayan gwamnatin Ingila ce, kuma a kayan soja ana yawan buga ta tare da sunan kamfani da shekara, kamar 1943 ko 1944. Wannan shekarar ita ce ta lokacin da aka yi kayan domin gwamnati. In ka sami irin wannan a gidan da kakansu ya yi soja zamanin yaƙin Bama, ka zauna da tsofaffin gidan ka yi tambaya.

Mataki na shida: filen na ƙarfe

A nan zan daɗe, domin filen ya fi kowane kaya yawan shaidu, kuma ya fi kowanne ruɗarwa. Sassansa suna kwancewa: gangar jiki, da kujerar da wuƙa ke kwanciya a kai wadda Turawa ke kira frog, da wuƙar, da murfin da ke danne ta, da mariƙi biyu. Kafintanmu bai ajiye filen don ado ba. In wuƙa ta ƙare ya sa wata, in murfi ya fashe ya ciro na wani, in mariƙi ya karye ya sassaƙa sabo. Don haka ka fara da gangar jiki, ita ce ba a canzawa. Lambar da ke gaba, No 4 ko No 5 ko No 7, girma take nufi ba shekara ba: na 4 tsawonsa wajen inci 9, na 5 inci 14, na 7 inci 22.

Tambayar farko ita ce, Amurka ko Ingila? Stanley kamfanin Amurka ne na garin New Britain, wanda ya sayi ƙirƙirar Leonard Bailey a 1869, shi ya sa ake ganin BAILEY a gaban filen ɗin tun daga 1902. Sai a wajen 1937 suka sayi kamfanin J.A. Chapman a Sheffield suka fara ƙira a can. Duk Stanley mai MADE IN ENGLAND bai girmi wannan lokaci ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin jadawalin shekarun Stanley da za ka samu a intanet an yi shi ne a kan na Amurka, alhali mafi yawan waɗanda nake cin karo da su a nan na Ingila ne. Na sha ganin wanda ya ɗora jadawalin Amurka a kan filen ɗin Ingila ya ƙara masa shekara talatin da ba nasa ba.

In na Amurka ne, leƙa bayan kujerar wuƙa, gaban mariƙin baya, ka ƙirga ranakun da aka zuba a jikin ƙarfen. Rana biyu, MAR-25-02 da AUG-19-02, suna nuna 1902 zuwa wajen 1910. Rana uku, an ƙara APR-19-10, 1910 zuwa 1924. Ranar 1910 ita kaɗai, 1925 zuwa 1930. Daga 1931 an daina sa ranakun. In babu rana ko ɗaya, ko dai ya girmi 1902 ko ya zo bayan 1930, sai ka duba sauran alamu. Mariƙin gaba gajere ne mai kama da albasa har zuwa 1918, daga 1919 ya zama dogo. Daga 1929 aka yi masa ɗan zobe na ƙarfe a gindinsa don kada ya tsage. Ramin da ke tsakiyar murfi yana kama da ramin makulli a tsofaffi, daga 1933 ya koma siffar ƙoda. Haruffan S.W. a cikin hoton zuciya a kan wuƙa na 1920 ne zuwa wajen 1935. Na lokacin yaƙi, 1942 zuwa 1945, sukan zo da notin saita wuƙa na baƙin ƙarfe ko na baƙar roba maimakon tagulla, domin tagulla ta tafi wajen yaƙi. Shuɗin fenti a maimakon baƙi ya shigo a farkon shekarun 1960.

Record kuwa ɗan Sheffield ne, na kamfanin C & J Hampton, kuma sai a 1931 suka fara yin filen. Duk yadda Record ya tsufa a ido, bai girmi 1931 ba. Fentinsu shuɗi ne, kuma suna sa sifili a gaban lamba: 04, 05, 07. Na farko-farko mariƙinsu na wani ice ne mai duhu da nauyi da baƙin zane, wanda Turawa ke kira rosewood, daga baya suka koma farin ice da aka rina. In ka kankare ɗan wuri a ƙarƙashin mariƙin ka ga fari mai ɗigo-ɗigo kamar riɗi, na bayan ne. Kan wuƙar tsofaffin yana da kusurwoyi a miƙe, na baya an lanƙwasa shi, sauyin ya zo ne wajen ƙarshen shekarun 1950. Mariƙin roba, a Record ko a Stanley na Ingila, alamar na baya-bayan nan ne.

Zarto da sifana

Ga zarto, dubi mariƙin tukuna. Tsofaffi an sassaƙa su da hannu, gefunan a mulmule, suna zama a tafin hannu kamar an auna. Na baya gefunansu a tsaye suke, ramin yatsu babba, daga ƙarshe aka koma falanki da roba. Notin da samansa ya yi daidai da katako, mai tsaga biyu da ƙarfe a tsakiya, tsohon yayi ne, kuma kada ka yi ƙoƙarin kwance shi, karyewa yake. In zarton Disston ne na birnin Philadelphia, babban notin ya isa ya ba ka zamani: & SON daga 1865 zuwa 1871, & SONS bayan haka, PHILADA har wajen 1917, PHILA zuwa wajen 1940, daga nan U.S.A.

Sifana kuma awonta ke tona ta. In ka ga W ko BSW ko BSF bayan lamba, tsohon ma'aunin Ingila ne, wanda ya samo asali daga tsarin da Joseph Whitworth ya yi a 1841, irin na tsofaffin injunan Lister. A wannan ma'auni lambar tana nufin kaurin ƙusar, ba faɗin bakin sifanar ba. Shi ya sa mai 1/2 W bakinta ya haura milimita 23, alhali mai 1/2 AF, inda lambar ke nufin faɗin bakin, bai kai 13 ba. Motocin Ingila sun fara barin wannan ma'auni a shekarun 1950, daga baya aka koma milimita.

Mataki na bakwai: haɗa shaidun

Kowace alama ɗaya daga cikin abu biyu take faɗa: ko ba a yi kayan kafin shekara kaza ba, ko ba a yi shi bayan shekara kaza ba. Ja layi a tsakiyar takarda ka zuba su gida biyu. Daga gidan farko ɗauki shekara mafi kusa da mu, daga na biyu ɗauki mafi nisa. Abin da ke tsakaninsu shi ne zamanin kayan. Amma sai ka cire duk sashen da kake zargin ba na asali ba ne kafin ka yi lissafin.

Bari in nuna da babban filen ɗin kawu. A gangar jikinsa akwai RECORD da No 05 da MADE IN ENGLAND, da sauran shuɗin fenti a lunguna. Ke nan bai girmi 1931 ba. Wuƙarsa ta Stanley ce, na ajiye ta gefe, kawu ma ya ce shi ya saye ta da tsohuwar ta ƙare. Mariƙin gaba na maɗaci ne, sassaƙar gida, shi ma na ajiye shi. Mariƙin baya kuwa ya zauna daram, sukurunsa na tagulla bai nuna an taɓa sauya shi ba, kuma da na duba ƙasansa icen mai duhu ne har ciki. Wannan ya mayar da shi cikin na farko-farko. Sai na koma wajen kawu na tambaye shi yaushe ya shiga koyon aiki. Ya ce shekara biyu kafin a ba da mulkin kai, kuma tun ranar da ya fara ganin filen ɗin fentinsa ya riga ya goge. Abin da na rubuta a takardata shi ne: Record 05, Sheffield, tsakanin 1931 da farkon shekarun 1950, wuƙa da mariƙin gaba ba na asali ba ne. Tazarar shekara ashirin ce, kuma na gamsu da ita fiye da a ce na yanke shekara ɗaya da ba ni da hujjarta.

In za ka nemi taimako a intanet, rubuta kalmomin da ka gani daidai yadda suke, ka nemi tsofaffin littattafan tallar kayan kamfanin, domin da yawa an ɗora hotunansu. In mutane za ka nuna wa, ɗauki hoton kayan gaba ɗaya da rula a gefe, sannan hoton kowane rubutu daga kusa da hasken gefe.

Jabu da ƙirar gida

An kwaikwayi fasalin Stanley da Record a ƙasashe da dama, wasu da sunansu na kansu, wanda babu laifi a ciki, wasu kuma da sunan da ba nasu ba. Na asali haruffansa a zube suke cikin ƙarfen ko a buge da zurfi, jabu yawanci fenti ne ko takardar liƙi. Kwance kujerar wuƙa ka duba inda take zama: a na kirki an goge wurin sumul da inji, a jabu za ka tarar da kaushi da fenti a kai. Kuskuren harafi a sunan gari ko na kamfani ya isa hujja.

Gizago da gatari da kurfi na maƙeranmu ba su da hatimi, amma su ma ana karanta su. Dubi ƙarfen da kyau. In ka ga sauran layukan haƙora a gefe, daga tsohon magagari aka ƙera shi. In kaurinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, ko akwai ragowar rami a tsakiya, sifirin ɗin mota ne, ke nan bayan zuwan motoci aka yi shi. Alamar walda ta lantarki tana ƙara matso da shi kusa. Wanda aka yi da ƙarfen tama na da yakan nuna zane-zane a tsawonsa kamar jijiyar ice, saboda ninkawa da dukan da ya sha a maƙera. Sauran bayanin yana bakin mutane: kai shi unguwar maƙera ka nuna wa mafi tsufa a cikinsu, sau da yawa daga yadda aka lanƙwasa wuyan zai gaya maka ƙirar wane gari ce, wani lokaci har gidan da aka yi ta.

Da ka gama, shafa wa ƙarfen ɗan man inji ka goge, katakon kuma ka bar shi da tsohon launinsa. Rubuta abin da ka gano a 'yar takarda, da sunan wanda ka karɓa daga hannunsa da wanda shi ya karɓa daga gare shi, ka ɗaure ta da zare a mariƙi, ka ajiye kwafinta a wayarka tare da hotunan da ka ɗauka tun farko.